Wa Zai Koyar Da 'Ya'yan Zakka? Martani Ga Masu Son Mayar Da Horon Malamai Kan Intanet

Ba al'adata ce in tsoma baki a muhawarar manyan 'yan boko ba, domin ni tsohon malamin firamare ne kawai, wanda ya shafe shekara talatin da 'yan kai yana haɗiyar ƙurar alli tsakanin ƙasar Safana da ta Batsari. To amma wannan karon wutar a cikin gidana ta kama, shi ya sa na ga shiru ba nawa ba ne.

Akwai 'yar ƙanwata da ke karatun NCE a wata kwalejin ilimi a nan Arewa, ba sai na ambaci sunan kwalejin ba. Ta zo mana Zakka duba mahaifiyarta da ba ta da lafiya, da niyyar ta yi kwana uku ta koma. A rana ta biyu da la'asar sai ga saƙo a guruf ɗinsu na WhatsApp, wai malaminsu zai ba da gwaji ta intanet a daren, za a buɗe da ƙarfe takwas a rufe da ƙarfe tara, kuma makin yana cikin lissafin jarrabawar ƙarshen zango. Wutar lantarki a wurinmu baƙuwa ce, saboda haka aka ruga da wayar wajen mai caji, aka sayi data. Da lokaci ya yi sai sabis ya ce bai san zancen ba. Akwai wani tudu a bayan gari inda samari kan je neman sabis da rana, amma duk wanda ya san yankinmu ya san ba mai hankalin da zai bar 'ya mace, ko ma namiji, ya fita bayan gari da ƙarfe takwas na dare. Haka ta yi ta zagaye tsakar gida da waya a sama kamar mai neman jinjirin wata. Tambaya bakwai ta amsa cikin ashirin, shafin ya tsaya cik, ƙarfe tara ta buga.

Ta zauna bakin rijiya ta ce da ni, "Kawu, wallahi duk na san amsoshin." Na ce ta yi haƙuri ta rubuta wa malamin bayani. Amsar da ya ba ta layi ɗaya ce: na'ura ta riga ta rufe, ba yadda zai yi.

Ban huce daga wannan ba sai muka haɗu a wajen wani ɗaurin aure a Katsina da wani matashin malamin kwaleji, yaro mai ladabi, ɗan abokina. Da na ba shi labari sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai haƙuri za ku yi, zamani ne. Takarda ta mutu. Nan da 'yan shekaru littattafan horon malamai da jarrabawarsu duk kan intanet za su koma, wanda bai iya ba sai ya matsa gefe." Na sha jin irin wannan magana a rediyo da bakin masu shirya tarurrukan bita a manyan otal-otal. Su nake mayar wa martani a yau, shi kuma ɗan abokina ya yi haƙuri da tsohonsa.

Bari in fara da ba su gaskiyarsu, don kada a ce tsoho ya zo da ƙiyayyar zamani. Duk wanda ya ratsa kwalejin ilimi a ƙasar nan ya san ciwon handaut, inda malami zai kwafo 'yan shafuka ya ce duk wanda bai saya ba kada ya sa ran cin jarrabawa. Mun san takardun amsa da kan ɓace a ofis, mun san makin da ake sayarwa, mun san laburaren da littattafansa suka girmi ɗaliban da ke karanta su. Littafin da aka ɗora kan intanet kyauta yana karya wannan kasuwa. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a fili, kuma na san malaman da ba ɗalibanta ba ne amma suna amfana da su. Shirin TESSA da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta jagoranta tun 2005 ya tanadi darussan horon malamai kyauta don ƙasashen Afirka. A watan Maris na 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, har da darussa cikin Hausa. Duk wannan alheri ne, ban musa ba. Rigimata da su ita ce mayar da intanet ƙofa ɗaya tilo ta shiga aikin malanta, alhali sun san ƙofar ba ta buɗuwa a inda aka fi bukatar malamai.

Ga dukkan alamu sun manta da 2021, mu kuwa ba mu manta ba. A watan Satumba na shekarar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara da Dutsin-Ma. Aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Watanni muka kwashe a haka. Mutum in yana son ya gaya wa ɗansa an yi rasuwa, sai ya biya kuɗin mota ya je inda sabis yake. Ku lura, Dutsin-Ma tana cikin jerin, garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da kuma jami'ar tarayya. To, abin tambaya a nan shi ne, da a ce a lokacin littattafan ɗalibai da gwaje-gwajensu duk a kan intanet suke kamar yadda ake mana fata, me zai faru? Littafin takarda ba ya jiran izinin kowa kafin ya buɗu. A waɗancan watanni, ɗalibin da ke da tsohon littafinsa a ƙarƙashin katifa shi kaɗai ya ci gaba da karatu.

Ko a lokacin da sabis yake nan, sai mu yi lissafin aljihu. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na cajin waya da janareta suka tashi. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Ɗan manomin da aka sayar da buhun gero ko akuya aka biya masa kuɗin makaranta, shi ake cewa ya sauke littafi mai shafi ɗari biyu ya karanta a kan 'yar waya mai fasasshiyar fuska, wadda wataƙila ma ta yayansa ce. Abin da ke faruwa a zahiri, in ya ga ido ya fara ruwa sai ya ɗauki fayil ɗin ya kai shagon masu kwamfuta a buga masa a takarda, kowane shafi da kuɗinsa. Ka ga ya biya data, ya biya mota, ya biya bugu. Handaut ɗin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, har ma ya fi na da tsada. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Wani zai ce to ai 'yan ƙauye kaɗan ne abin ya shafa, a bari su biyo baya a hankali. A nan ne na ga masu wannan ra'ayi ba su taɓa riƙe makarantar ƙauye ba. Na yi hedimasta, na kuma san yadda ake yi. A turo maka malami ɗan birni mai kyakkyawan sakamako, ya zo ranar Litinin ya ga hanya, ya ji labarin dajin Rugu, kafin wata ya ƙare ya samo takardar canjin wurin aiki. Ban ga laifinsa ba, rai dai guda ne. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duk malamin da aka ce ya nufi yammacin Katsina sai gabansa ya faɗi. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, abin a yaba ne, sai dai ɗaukar malami daban, zamansa a bakin daji daban. Wanda zai zauna a Zakka ko Runka ko ƙauyukan Batsari komai wuya shi ne wanda uwarsa ke nan, gonarsa ke nan, kabarin kakansa ke nan. Ita kuma malama mace, wadda saboda ita iyaye kan yarda su bar 'ya'ya mata a makaranta, kusan dole 'yar gari ce ko matar ɗan gari. To su waɗannan ne daidai mutanen da ba su da kwamfuta, ba su da wuta, ba su da tabbataccen sabis. Duk matatar da za ta tace su ta zubar, ta bar mana 'yan birni masu satifiket da ba za su zo ba, ta kashe makarantunmu ne da sunan gyara.

Sai mu zo kan jarrabawar ita kanta. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, ta fara jarrabawar tantance malamai a kan kwamfuta a 2017. Tambaya ce da amsoshi a jere, ka danna ɗaya. Ni ba na cikin masu cewa kada a gwada malami. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ce malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa samun makin da aka gindaya a jarrabawar 'yan aji huɗu. Ko mutum ya yarda da yadda aka kore su ko bai yarda ba, abin kunya ne gare mu duka, kuma wanda bai san abu ba ba zai koyar da shi ba. Saboda haka a gwada sani, ko da kwamfuta ne. Amma don Allah a daina yi mana kamar canki-canka a gaban na'ura shi ne ma'aunin malami.

Malanta sana'a ce irin ta hannu, kamar ƙira ko ɗinki. Ka shiga aji ka tarar da yara tamanin ko fiye a zaune a ƙasa, wasu da Hausa suka zo, wasu 'yan ruga da Fulatanci, babu wanda ya taɓa jin Turanci a gidansu, wasunsu ma 'yan gudun hijira ne da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Yaya za ka koya musu ragewa mai aro da tsakuwa da ƙwallon goruba? Yaya za ka gane yarinyar da ke can baya ba daƙiƙiya ba ce, allon ne ba ta gani? Yaya za ka shawo kan uban da ya zo cire ɗansa ranar kasuwa? Wace kwamfuta ce za ta auna wannan? Na ga mai maki na ɗaya a takarda da ya tsaya gaban 'yan aji biyu yana karkarwa, na kuma ga wanda da ƙyar ya haye amma in ya fara darasi ko tari ba ka ji.

Wurin da ake gane wannan shi ne koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP, inda ɗalibin NCE kan shafe zango guda a makaranta ana duba shi. Nan ne zuciyar horon malami, nan ne kuma aka fi sakaci. A shekarun ƙarshe na aikina, sau nawa aka turo mini ɗalibai suka gama wa'adinsu mai duba su bai taka ƙafarsa makarantar ba, sai a kira su cikin gari a sa musu hannu a littafi? Kuɗin da za a kashe a sayi manhajar gwaji, da an kashe rabinsa wajen kai masu duba ɗalibai aji, da kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sun ce kwamfuta ta kashe satar amsa. Wai an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Gwajin da ake yi daga gida ba mai tsaro, wa ya san wanda ya danna? Duk garin da ke da ɗalibai akwai shagon da za ka miƙa lambarka ta sirri da 'yan kuɗi, a yi maka aikin ka je ka yi barci. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, ko shagon ma ba a bukata, mai babbar waya da data zai sa na'ura ta rubuta masa tsarin darasi cikin minti ɗaya. Wato mai hali ya samu sabuwar hanyar sata, marar hali kuma ko hanyar gaskiyar an toshe masa.

Ita na'urar ma ba ma'asumiya ba ce. JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, tana da kuɗi da ƙwararru da gogewar shekara goma, amma a watan Mayu na 2025 shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Na jinjina masa da ya amsa laifi. To amma su waɗancan suna da jaridu da lauyoyi da iyaye masu murya. 'Yar Zakka da shafi ya tsaya mata a tambaya ta bakwai, wa zai yi mata hawaye? A da, in malami ya zalunce ka, akwai fuskar da za ka je ka roƙa ko ka kai ƙara. Yanzu sai a ce na'ura ta rufe, kamar hukuncin daga sama ya sauko, alhali mutum ne ya zauna ya zaɓi ƙarfe takwas na dare, mutum ne ya zaɓi awa ɗaya.

Waɗanda muke kwaikwayo ma sun fara taka burki. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce ƙwararan hujjojin da ke nuna amfaninta ga koyo ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu daga wajen masu sayar da kayan suke fitowa. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. Suwidin, wadda ba ta san ɗaukewar wuta ba, a 2023 ta koma ware kuɗi don sayen littattafan takarda. Su da suka ƙoshi suna rage loma, mu da ko tukunya ba mu ɗora ba muna cewa a fasa murhu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a jihar nan aka fara wannan sana'a a Arewa da daraja. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horon malamai aka gina ta, ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Isa Kaita da Abubakar Imam. Masu karatun littattafan Hausa sun san Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma Magana Jari Ce don 'yan makaranta aka rubuta shi. Mutanen nan sun dubi yaron da ke gabansu ne suka yi masa littafi da harshensa. Haka kuma da aka fara shirin UPE a 1976 aka rasa malamai, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, ta riƙa buga darussa a takarda tana kai wa malamai cibiyoyin karatu kusa da su, suna aiki suna karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Da yawa daga abokan aikina ta nan suka tashi daga Grade II zuwa NCE. Ashe karatu daga nesa ba baƙonmu ba ne. Bambancin kawai, a wancan lokaci littafi ke tafiya ya iske malami a ƙauyensa, yanzu kuwa malami ake cewa ya hau tudu ya nemo littafi.

Kada a ce mutanenmu ba sa karatu a waya. Ku da kuke karanta wannan kun fi kowa sani. Matan aure da 'yan mata a ƙauyukanmu suna karance littafin hikaya mai babi sittin a WhatsApp, domin da Hausa yake, ba shi da nauyi, in an sauke sau ɗaya shi ke nan, a tura wa ƙawa ta Xender ko data ba a ci ba. Marubutanmu sun warware matsalar da masana suka kasa warwarewa, ba tare da taron bita ko ɗaya ba. Su kuwa darussan TESSA da Turanci da Faransanci da Larabci da Swahili aka fara fitar da su, Hausa ba ta cikin jerin. Ina marubutanmu, waɗanda da yawansu malaman makaranta ne? Me zai hana a samu littafin dabarun koyarwa da Hausa mai daɗin karatu, wanda misalansa daga ajin ƙauye suka fito?

Don kada a ce na yi suka ban kawo mafita ba, ga abin da nake roƙon hukumar kula da kwalejojin ilimi ta NCCE da TRCN da shugabannin kwalejoji. Na farko, duk littafin da aka wajabta a ɗora shi yadda za a sauke sau ɗaya a karanta ba tare da sabis ba, a zuba wa ɗalibi a katin waya ranar rajista, a kuma ajiye kwafin takarda a laburare. Na biyu, kada a ƙara ba da gwaji mai maki na awa ɗaya daga gida. In na kwamfuta ne, a yi shi a harabar kwaleji, a ɗakin da ke da sola, bayan an koya wa ɗalibi riƙe linzamin kwamfuta tun shekarar farko, in kuma na gida ne a ba shi kwanaki, da damar kawowa a takarda. Na uku, a ba koyarwar gwaji maki mafi tsoka, a sa hedimastoci da tsofaffin malaman yankin cikin masu dubawa, tunda su hanya ba ta hana su zuwa. Na huɗu, a karanta darussan da Hausa a naɗa, a sa a rediyo kamar yadda aka yi wa yara lokacin kullen korona a 2020. Na biyar, a riƙa bayyana sakamakon jarrabawar tantance malamai ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mu ga nawa suka zauna daga Safana da Batsari, nawa suka ci. In lissafina kuskure ne, alƙaluman za su ƙaryata ni, ni kuma zan fito in ba da haƙuri.

Ita 'yar ƙanwata makin da ta rasa ya ja mata faɗuwa a kwas ɗin, sai ta maimaita shi baɗi. Mahaifinta ya so ya ce ta haƙura da karatun, muka taru muka ba shi baki. Na tambaye ta in ta gama ina take son a tura ta, ta ce, "Kawu, firamaren da na yi mana, wa zai je musu in ban je ba?" Ɗan abokina ya ce wanda bai iya ba ya matsa gefe. To, in ta matsa, ina so ya gaya mini wa zai shiga ajin ranar Litinin, shi ko kwamfutarsa?

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa shugabanninmu su ji, amin.

Daga Zakka, ƙaramar hukumar Safana, Jihar Katsina.